Dakta Gazali Uban Bincike

Duk wanda ya ce sai an je jami'a ake zama likita, bai taɓa zama a gaban Malam Gazali ba. Mutum ne da aka yi wa baiwar gane cuta tun mai ita bai gama sallama ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana sayar da magani a ɗan kemis ɗinsa na bakin tashar Tambuwal, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa jin ya ce bai sani ba. Mai ciwon kai ya zo, taifod ne. Mai ciwon gwiwa ya zo, taifod ne ya gangaro ƙasa. Har wani ɗan kabu-kabu da ya faɗi da babur ya samu cikakken bayani cewa da ma taifod ɗin ne ya karkatar da shi. Muƙamin dakta kuwa direbobin tasha ne suka ba shi kyauta, shi kuma saboda tsabar tawali'u bai iya mayar musu da kyautarsu ba.

Ranar da masu duba lasisi suka zo suka garƙame kemis ɗin da kwaɗo, marasa fahimta sun ce rufe shi aka yi. Gaskiyar magana, kamar yadda shi da kansa ya shaida wa majalisarsa, ritaya ya yi don ya samu lokacin tunani. Shekara uku ya kwashe yana wannan tunanin a kan benci, har Allah ya kawo mutanen jami'a.

Mata biyu ne ke jagorantar aikin. Akwai Dakta Najiba, wata siririyar likita mai magana ƙasa-ƙasa, wadda ke da mummunar ɗabi'ar nan ta cewa ba a tabbatar ba tukuna. Sai nas Hamdiya, 'yar asalin Jabo, wadda ba ta da wani abin a zo a gani in ban da ta san sunan kowa da na uwarsa. Abin da ya kawo su mai sauƙin faɗa ne, in ba a bakin Dakta Gazali ba. Sun lura cewa masu hawan jini da masu ciwon suga sukan sha magani wata biyu su watsar, kuma da yawansu ba mantuwa ke sa su watsarwa ba, damuwa ce. Mutum ya wayi gari ba ya son gona, ba ya son kasuwa, ba ya son ganin kowa, balle ƙwayar magani. Suna so su gwada su gani, in aka haɗa wa majinyaci magani da wanda zai zauna ya saurare shi duk mako, ko jinin zai sauka, ko sugan zai daidaita. An ba su ɗaki guda a bayan asibiti a Tambuwal, da wani a Kebbe. Abin da ya rage musu shi ne ɗan gari wanda ya san hanyoyin ƙauyuka, ya riƙa tuna wa mutane ranar awo.

Kafin su gama faɗin wanda suke nema, Dakta Gazali ya riga ya amince.

A takardar da suka ba shi an rubuta cewa shi mai sanar da jama'a ne. Aka haɗa masa da 'yar falmaran mai tambarin bincike, da katin shaida mai igiya shuɗiya. Cikin kwana huɗu sai ga allo a ƙofar gidansa, da fenti ja: DAKTA GAZALI, BABBAN KODINETAN BINCIKEN JINI DA ƘWAƘWALWA, SHIYYAR TAMBUWAL DA KEBBE. Mai fentin ya so ya tsaya a nan, amma da aka ga akwai sauran wuri a ƙasa, aka ƙara DA KEWAYE. Direbobin tasha, waɗanda ba sa barin alherinsu a rabi, suka ƙara masa Uban Bincike.

Katin nan bai sake rabuwa da wuyansa ba. Da shi yake zuwa suna, da shi yake zuwa gaisuwar mutuwa. A masallaci katin ne ke riga goshinsa isa ƙasa. Harshensa ma ya samu ƙarin girma: ya ajiye Sakkwatancin da aka haife shi da shi, ya ɗauko Hausar rediyo, sai fa in ransa ya ɓaci, nan take "munka" da "sunka" ke dawowa ba su nemi izini ba.

Aikinsa na farko a Fakku ne, wani ƙauye a ƙasar Kebbe. An ce masa ya je ya gaya wa mutane cewa akwai awon jini da na suga ranar Laraba a Kebbe, da magani, da mai sauraron damuwar mutum. Magana ce ta minti biyu. Uban Bincike ya ga cewa a faɗi babban al'amari haka a taƙaice cin mutuncin ilimi ne. Ya ari lasifika, ya sa aka tara jama'a a gindin tsamiya, ya hau kan turmi da aka kifa.

"Jama'ar Fakku," in ji shi, "ni da abokan aikina na jami'a mun zauna mun yi nazari mai zurfi. Mun gano cewa jinin ɗan Adam yana da alaƙa kai tsaye da ƙwaƙwalwa. Idan ya hau, to sai ya taɓa ta. Wannan shi ake kira difireshan, wanda a Hausa, don ku gane, za mu ce matakin farko na taɓin hankali. Saboda haka duk wanda ya san kansa ya fara taɓuwa, ko yana zargin maƙwabcinsa, ya hallara Kebbe ranar Laraba mu rubuta sunansa."

Ranar Laraba mutum uku suka zo. Ɗaya kurma ne, bai ji jawabin ba. Ɗaya ya zo ne ya ga su wa za su zo. Na ukun ya kawo sunan maƙwabcinsa.

Hamdiya ta ɗauki na'urar awonta. Ta hau bayan babur, ta koma Fakku, ta yi mako biyu tana zama wurin injin niƙa da bakin rijiya, tana auna jinin mata a zaure, tana ce musu rashin barci da ƙuncin zuciya ba hauka ba ne, ciwo ne kamar kowane ciwo. A Laraba ta uku sai da aka aro benci daga makarantar firamare. Dakta Gazali ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon layin, ya gyaɗa kai, ya bayyana wa na kusa da shi cewa jawabi mai kyau kamar allura mai kyau ne, sai ya kwana biyu a jiki yake fara aiki.

Sau ɗaya tak aka yi kuskuren ba shi takardun tambayoyi, ranar da ruwa ya cinye hanyar Kebbe, Hamdiya ta maƙale a laka da babur. Tambayoyi ne da ake yi wa mutum shi kaɗai, a hankali: kana samun barci, abinci na yi maka daɗi, akwai ranar da kake jin rayuwar ta ishe ka. Uban Bincike ya duba ya ga ɓata lokaci ne, ya dunƙule su duka ya mai da su tambaya guda. Ya jera magidanta arba'in a gaban liman, ya riƙa nuna su ɗaya bayan ɗaya da biro yana cewa, kai, kana gode wa Allah ko ba ka gode masa? Kowa ya ce alhamdu lillahi. Kafin azahar ya cike takarda arba'in, ya kuma gano abin da masana suka kasa ganowa: babu mai damuwa ko ɗaya a Fakku.

Dakta Najiba ta karanta takardun har ƙarshe, ta yi masa godiya, ta zuba su a aljihun tebur na ƙasa, ta murɗa makulli. Ya ga makullin da idonsa. A majalisa ya ce sakamakon ya yi girman da dole a kulle shi, kada wata jami'ar ta sace.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya kawai za a yi. Amma akwai Sambo.

Sambo dattijo ne ɗan Fakku, manomi mai 'yan shanunsa, wanda babban ɗansa ya rasu a haɗarin mota shekara biyu kafin nan. Tun daga ranar bai sake barcin kirki ba. Ya daina leƙa garke, gero ya nuna a gona sai ƙannensa suka girbe masa, jininsa kuwa ya hau har na'urar awo ta sa Hamdiya sake gwadawa sau uku. Da ƙyar ya yarda ya shiga ɗakin sauraro. A zama na huɗu ya ambaci sunan yaron a karo na farko tun bayan jana'iza, ya yi kuka, ya fito yana share fuska da hannun riga. Dakta Gazali na bakin ƙofa, inda ya saba tsayawa yana kula da bincike. Daga nan Sambo ya fara samun sauƙi. Yana shan maganinsa, ya koma kiwo, har an ji shi yana ciniki da ƙarfi.

Cinikin ne ma ya kai shi kasuwar Kebbe, wajen 'yan tumaki, inda Uban Bincike ya hango shi. Babban likita ba ya ɓoye nasararsa. Ya kama hannun Sambo ya ɗaga sama, a gaban dillalai da surukin Sambon da ke tsaye a gefe.

"Ku dubi wannan bawan Allah," in ji shi. "Majinyacina ne. Wata biyu da suka wuce da kun gan shi yana kuka a ofishinmu shaɓe-shaɓe, kai ya kusa juyewa. Yau ga shi yana sayar da rago. Wannan shi ne amfanin ilimi."

Sambo ya zare hannunsa, ya ja ragonsa, ya bar kasuwar bai sayar ba. Bai zo awo a Larabar nan ba, bai zo ta gaba ba. Maganinsa ya ƙare, bai aiko a karɓar masa ba. Mako bakwai bayan haka ya yanke jiki ya faɗi a gonar dawa. Ya tashi, amma bakinsa ya ɗan karkace, hannun hagu kuma ya daina riƙe sanda.

Ranar ce kaɗai aka ji muryar Dakta Najiba daga waje. Ta rufe ƙofa, ta gaya wa Malam Gazali, da sunansa na gaskiya, cewa abin da mutum ya faɗa a ɗakin nan amana ce, kuma bakinsa ne ya kori Sambo daga magani. Ta ce in ya sake nuna wani majinyaci da yatsa, da hannunta za ta cire katin nan daga wuyansa. Ya dafe katin da tafin hannu, ya ce ai kowane babban bincike yana tafe da 'yan matsaloli. Da ya fito, ya shaida wa direbobi cewa an yi ganawar sirri ta manyan ma'aikata, ba zai iya cewa komai ba, sannan ya faɗi duk abin da aka ce, ya cire sunansa kawai.

Sau uku Hamdiya ta je Fakku kafin Sambo ya yarda ya fito zaure. A zuwa na huɗu Dakta Najiba ta bi ta, ta durƙusa ta ba shi haƙuri a kan laifin da ba nata ba. Ya dawo, amma ta ƙofar baya.

A duk wannan hidima ta ceton al'umma, akwai majinyaciya guda da Uban Bincike bai samu sukunin dubawa ba, saboda ta yi masa kusa da yawa. Batula ce, matarsa ta shekara ashirin da shida. Da can ita ce mai ƙuli-ƙulin da ake aikowa saye har daga Jabo. Shekara huɗu ke nan tana ramewa, tana shan ruwa kamar randa ta tsage, ƙafafunta na yi mata zugi. Maigida ya duba ta daga inda yake zaune ya ce taifod ne, ya ba ta ragowar kafso daga kwalin da ya tsira da shi ranar da aka sa kwaɗo. Ta daina suya. Ta daina zuwa biki. Takan zauna a ƙofar ɗaki tun hantsi, tsintsiya a hannu, ba ta share ko'ina ba. In ta buɗe baki ta ce, Malam, jikin nan nawa, sai ya karɓe zancen daga nan ya yi mata bayanin yadda jiki yake, tun daga ƙoƙon kai har tafin ƙafa.

Maƙwabciyarta Zahara'u ce ta matsa mata ta je awo. Batula ba ta fita a ɓoye ba. Ta tsaya a gabansa wata safiyar Talata ta ce za ta asibiti wurin mutanen jami'a. Yana goge katinsa da gefen riga, ya ce to, bai ɗago ba. Talata kuwa ranar mata ce a Tambuwal, ranar da shi yake tafiya Kebbe duba reshe. Aka auna ta, aka ga suga ne, har ya fara taɓa mata ido. Aka sa ta a magani, aka ba ta lamba talatin da ɗaya, domin a binciken nan lamba ake rubutawa, ba suna ba. Zamanta na farko a ɗakin sauraro ta yi kusan awa guda tana magana, tana tsayawa tana jiran a katse ta, ba a katse ta ba.

Bayan wata biyar ƙamshin ƙuli-ƙuli ya dawo gidan. Dakta Gazali ya lura da wannan, don mutum ne mai lura. Ya ce wa majalisa zama da likita ma magani ne.

Da binciken ya cika shekara, aka shirya taro a Tambuwal don a gaya wa jama'a inda aka kwana. Wani farfesa ya zo daga jami'a, wakilin hakimi ya zo, mata suka cika gefe guda, direbobin tasha suka tsaya a baya saboda an ce akwai lemo. Dakta Najiba ta yi bayani cewa waɗanda ake saurara sun fi riƙe maganinsu, jininsu kuma ya fi sauka, amma ba a tabbatar ba tukuna, sai an ƙara shekara. Uban Bincike, wanda ya sa kujerarsa da kansa a jikin teburin manya, ya girgiza kai don farfesa ya ga cewa shi ya tabbatar.

Daga nan aka zo karanta kalaman wasu majinyata, waɗanda suka yarda a karanta ba tare da suna ba. Hamdiya ce za ta karanta. Tana miƙewa, Dakta Gazali ya riga ta isa ga makirfo, ya karɓi takardar yana cewa irin wannan sai murya mai nauyi. Ba yadda za a yi kokawa da dattijo a gaban baƙi. Ya karanta na mai lamba takwas, ya yi sharhi. Ya karanta na mai lamba ashirin, ya yi sharhi. Sai ya gyara tabarau ya shiga na gaba.

"Mai lamba talatin da ɗaya, mace, tana cewa: Maigidana ya san maganin kowa a garin nan. Shekara fuɗu ina ramewa gabanai, ya ce taifod ne. Ran da nac ce mishi zan zo asibiti, to kawai yac ce, ko kallo na bai yi ba. Ni ban taɓa kai ƙarshen magana ba cikin gidana. Sai a ɗakin ga na san ashe maganata tana da ƙarshe."

Tun daga kalmar taifod zauren ya yi tsit. Hamdiya ta sunkuyar da kai. Wani direba a baya ya cusa hularsa a baki. Uban Bincike ya ajiye takardar a hankali, ransa a ɓace, Hausar rediyo ta kama gabanta.

"Kun jiya?" in ji shi. "Irin mazan da munka daɗe muna yaƙi da su ke nan. Jahili, shina zaune da mara lahiya shekara fuɗu bai sani ba. Wa yab ba shi izinin faɗin sunan cuta? Ina yay yi karatu? Wanga mutum, da ni ad da iko, sai an ɗaure shi a bakin asibiti kowa ya gan shi. Wallahi tausayin matar ga nika ji."

Direban da ya cusa hula ya kasa daurewa, ya fice waje a guje. Dariyar ta faro daga baya, ta bi benci-benci, har wakilin hakimi ya shiga neman wani abu a ƙarƙashin tebur. Farfesa, wanda shi kaɗai ne baƙo a zancen, ya tafa. Dakta Gazali ya ji daɗin yadda jama'a suka tsani mutumin nan tare da shi, ya ƙara da shawarar a tara irin waɗannan mazaje a koya musu zama da iyali. Dakta Najiba ta ce da ma an tsara hakan, ranar Alhamis mai zuwa. Ya ce ya ji daɗi da aka karɓi shawararsa da wuri.

Batula na cikin mata, a layi na uku. Lokacin da ta yarda a karanta maganarta, tunaninta shi ne in ya ji ta daga bakin wani, wataƙila ya gane. Ga shi ya ji ta daga bakin kansa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, Zahara'u da ke gefenta ta kasa gane dariya take ko kuka. Ita ma Batular daga baya ta ce ba ta sani ba.

Matan ne aka ba wa takardun gayyata su kai wa mazansu, wadda ta ga dama. Batula ta ɗora tata a kan faifan da ta rufe tuwon rana. Ya buɗe, ya ga sunansa, ya ga Alhamis ƙarfe goma, bai ga buƙatar karanta sauran ba. Kwana uku ya yi yana shirya lacca. Ya gwada ta a kan Batula sau biyu.

Ranar Alhamis ya iso cikin babbar riga, falmaran a kanta, kati a kan falmaran. Maza goma sha biyu ne zaune a benci, manoma da makiyaya da wani mai faci. A gaba akwai tebur da kujera biyu. Hamdiya na kan ɗaya. A kan ɗayar kuwa Sambo ne, hannunsa na hagu kwance a cinya. Watanni ke nan yana taimaka wa masu binciken zama da maza, domin an lura sun fi sakin baki a gaban wanda ya ɗanɗana abin. Uban Bincike ya tsaya yana jiran a tashi a ba shi wuri. Hamdiya ta nuna masa benci, tsakanin mai faci da wani tsoho daga Jabo. Ya zauna, a zuciyarsa yana yaba tsarin: babban baƙo daga cikin jama'a yake tasowa.

Sambo bai yi jawabi ba. Da bakinsa da ya karkace, a hankali, ya ce kowa ya faɗi ciwon da ke damun matarsa da lokacin da take shan magani. Tsohon Jabo ya ce hawan jini, ƙwaya guda bayan asuba, shi ke miƙa mata ruwa. Wani ya ce suga, amma lokacin ya shige masa, aka ce ba laifi, ya tambayo. Mai faci ya faɗi nasa har da launin ƙwayar. Layi ya zo kan Dakta Gazali. Ya miƙe, ya gyara riga, ya yi gyaran murya, ya ce kafin ya shiga laccar yana so ya fayyace cewa shi iyalinsa lafiya lau take, in ban da ɗan taifod da ya riga ya magance.

"Zauna, Malam Gazali," in ji Sambo. "Ba lacca anka kira ka ba. Duk wanda ag ga bencin ga, matatai ta aiko shi."

Hamdiya ta ce Inna Batula ta ba su izini su gaya masa: suga ne, wata bakwai ke nan tana kan magani, safe da yamma, kuma da an ƙara jinkiri da idonta ya tafi. Ta ce lambarta talatin da ɗaya.

An ga bakin Uban Bincike ya buɗe, an ga ya rufe. Ya waiga dama, mai faci na kallon silin. Ya waiga hagu, tsohon Jabo ya matsa masa kaɗan, irin matsawar da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa. Ya zauna. Sambo, wanda ke da cikakkiyar damar ɗaga hannunsa sama ya nuna wa jama'a, bai ko sake kallonsa ba, ya wuce kan na gaba. Har aka tashi ba a ji muryar Dakta ba, abin da tsofaffin Tambuwal suka ce ba su taɓa gani ba.

Aikin gida guda aka ba su. Kowa ya koma ya tambayi matarsa ya jikinta, sannan ya yi shiru har ta gama.

A nan dole a yi wa Dakta Gazali adalci, domin ya yi. Ya shiga gida bayan azahar, ya tarar da Batula tana murza tunkuza, ya jawo kujera 'yar tsugune ya zauna a gabanta, ya ce, Batula, ya jikin naki? Ta dube shi ta ga da gaske yake. Ta goge hannu a zane, ta fara ba shi labari tun daga shekarar da ƙafafun suka soma zugi. Zahara'u, wadda katanga ɗaya ta raba su kuma ba ta ɓoye cewa ta kasa kunne ba, ta rantse ya kai minti biyu cur bai ce komai ba.

A minti na uku ya ɗaga yatsa ya ce madalla, wannan da take yi shi ake kira bayyana damuwa, kuma bari ya yi mata bayanin amfaninsa, don mutane da yawa ba su san muhimmancin sauraro ba. Ya kasa sauraro gida huɗu. Yana cikin kashi na biyu Batula ta miƙe ta ɗora kaskonta, ta soye ƙuli-ƙulinta tas, ta sha ƙwayarta ta yamma, ta yafa mayafi ta leƙa wurin Zahara'u. Da aka kira la'asar, ana jiyo shi ta kan katanga, shi kaɗai a tsakar gida, ya shiga kashi na huɗu.